Kumbo ya je duniyar Mas ya dawo ba mutum a ciki: abu ne mai yiwuwa?

Malamar Fiziks, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga injiniyoyinmu ce. Tun 18 ga Fabrairun 2021 motar nan ta Amurka mai sarrafa kanta, Perseverance, take yawo a kwarin Jezero na duniyar Mas, tana haƙo duwatsu tana cusawa cikin 'yan bututu tana liƙewa. Da bututu 43 ta tafi. Goma daga ciki ma ta zube su a fili, da nufin in ita ta lalace a samu na ɗauka. Har yau ba wanda ya je ɗauko ko ɗaya. Ɗalibaina 'yan aji shida sun tsare ni: tunda an iya kai mota can, me ya hana a dawo da 'yan duwatsun da ba su cika aljihu ba? Abin ya fi ƙarfin ilimin zamani ne, ko kuɗi ne babu?

Abba Kawo:
Wa alaikumus salam Malama. Ni ban ga wahalar ba. An sha yi ai. Tarayyar Sobiyet ta aika Luna 16 wata a 1970, ba kowa a ciki, ya dawo da giram 101 na ƙasa. Sin ta yi a 2020 da Chang'e 5, giram 1,731. A 2024 ta sake da Chang'e 6, daga bayan wata ma, ɓangaren da ba ma gani. Japan ta yi sau biyu daga duwatsun da ke yawo a sarari. In an yi da fasahar 1970, yanzu sai ya gagara?

Injiniya Barnawa:
Abba, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, amma ba ɗaya a ciki da ya tashi daga wata duniya cikakkiya. Nan ne gizo ke saƙar.

Duba ƙarfin jan da kowace ke da shi. Kafin abu ya kuɓuce wa wata, sai ya yi gudun kilomita 2.4 a daƙiƙa. A Mas kilomita 5 ne. A tamu duniyar 11.2. Su kuwa duwatsun da Japan ta je, Itokawa da Ryugu, jansu bai taka kara ya karya ba. Kumbonsu Hayabusa2 taɓa Ryugu kawai ya yi ya ja da baya, ya dawo da giram 5.4 a Disambar 2020. Wannan ba tashi ba ne irin wanda muke magana.

A Mas kuwa sai ka sauke roka cikakkiya, cike da mai, lafiya ƙalau, ta zauna wata da watanni cikin sanyin da da dare yakan kai digiri 80 ƙasa da sifili, sannan ranar da aka ce ta tashi ta tashi. Ba dandamalin harbi, ba ma'aikaci ko ɗaya. A nan duniya ɗaruruwan mutane ke kewaye da roka kafin a harba ta, kuma duk da haka a kan ɗage saboda bawul ɗaya ya ƙi. Ba a taɓa harba roka daga doron wata duniya cikakkiya irin Mas ba tun da aka fara wannan harka.

Ɗan Panteka:
Injiniya ka yi mini bayanin maganar mai ɗin nan. Me zai hana a cika tanki tun daga nan, wanda zai isa zuwa da dawowa?

Injiniya Barnawa:
Maigida, ka ɗauka za ka ratsa sahara da mota, ba gidan mai ko ɗaya zuwa da dawowa. Sai ka loda jarkoki. Jarkokin nan nauyi ne, motar za ta ƙara shan mai saboda su, sai ka ƙara wasu jarkokin don ɗaukar na farko. To a roka abin ya fi haka muni, don lissafin ninkawa yake yi, ba tarawa ba. Wani malamin makaranta ɗan Rasha, Tsiolkovsky, ya fitar da ƙa'idar tun 1903.

Ga yadda take kamawa. Don roka ta tashi daga doron Mas ta shiga zagayenta, tana buƙatar wajen kilomita 4 a daƙiƙa. Da daskararren mai, kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinta mai ne zalla. Rokar da hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, ta tsara don dawo da duwatsun tsawonta wajen mita 3 ne, nauyinta wajen kilo 450, don kawai ta ɗaga kwandon da bai wuce girman ƙwallon kwando ba, mai bututu 30. Ita rokar kuma sai an sauke ta, tare da hannun da zai loda mata kaya, da abin ɗumama ta, da wutar da za ta ciyar da su duka. Abu mafi nauyi da aka taɓa saukewa a Mas shi ne Perseverance, kilo 1,025. Kumbon da zai je ɗauko samfurin zai ninka wannan fiye da sau biyu.

Saukar ma kanta bala'i ce. Iskar Mas ba ta kai kashi 1 cikin 100 na tamu ba. Ta isa ta ƙona kumbo in ya shigo da gudu, amma ba ta isa laima ta tsayar da shi ba. Shi ya sa aka sauke motar Curiosity a 2012 da Perseverance da igiyoyi daga wata na'ura mai roka da ke shawagi a sama. Kowane kilo da ka ƙara a ƙasa, kilo da yawa ka ƙara a wurin harbi.

Abba Kawo:
To ba sai a riƙa tuƙa shi daga nan ba, kamar yadda ake tuƙa jirgi marar matuƙi?

Malamar Fiziks, Unguwar Rimi:
Wannan kam ni zan amsa maka, Abba. Saƙon rediyo da gudun haske yake tafiya, amma tazarar Mas daga nan tana kaiwa daga kilomita miliyan 55 zuwa miliyan 400. Saƙo kan ɗauki minti 3 zuwa 22 kafin ya isa, amsa ma haka. Saukar gaba ɗaya minti 7 ce. Sau da yawa kafin labarin cewa kumbo ya shiga iska ya iso, ya riga ya sauka ko ya tarwatse. Dole ya yi wa kansa komai.

Injiniya Barnawa:
Haka ne Malama. Kuma wurin da wannan ya fi ciwo shi ne bayan tashi. Rokar za ta saki kwandon nan a sararin Mas, wani kumbon na daban, wanda hukumar sararin samaniyar Turai ta ɗauki nauyin ginawa, ya neme shi da kansa, ya cafke, ya rufe, ya juyo gida. Sin ta haɗa kumbo biyu ba mutum a zagayen wata lokacin Chang'e 5, amma zuwa wata, cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai saƙo yake isa. A Mas ba mai gyara maka in ka kauce.

Alhaji Kasuwar Barci:
Ni duk wannan lissafin bai dame ni ba. Nawa ne kuɗin?

Injiniya Barnawa:
Alhaji, kwamitin da NASA ta kafa ya ba da rahoto a Satumbar 2023 cewa zai ci dala biliyan 8 zuwa 11. A Afrilun 2024 shugaban hukumar na lokacin, Bill Nelson, ya fito ya ce biliyan 11 ya yi yawa, kuma jira har 2040 ya yi nisa. A 2025 daftarin kasafin da fadar shugaban Amurka ta gabatar ya nemi a soke shirin.

Alhaji Kasuwar Barci:
To ka ji. Su da kansu sun ga ba riba. Dala biliyan 11 a kan tsakuwa! Ga mutane na kwana da yunwa, ga asibitoci ba magani. Ni a ganina duk abin da mai kuɗin ya ja da baya a kansa, to bai yiwu ba ke nan, ko injiniya ya zana shi a takarda. Yiwuwa ai har da aljihu.

Baba Mai Ritaya, Malali:
Alhaji, maganarka ta ƙarshe tana da nauyi, ban ƙi ta ba. Amma kada ka ce tsakuwa. Ku ba ni dama in ba yaran nan labarin da ya kamata kowane ɗan Arewa ya sani.

Ranar 3 ga Oktoban 1962, a kusa da Zagami, ƙasar Katsina wajen Faskari, wani manomi yana korar hankaki daga gonarsa ya ji ƙara mai firgitarwa, wani abu ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake, ya nutse cikin ƙasa. Da aka tono, dutse ne mai nauyin kilo 18. Nan Kaduna aka kawo shi, wurin ma'aikatan binciken ƙasa. Sai bayan shekaru masana suka tabbatar daga Mas ya fito. Yadda aka gane kuwa, irin waɗannan duwatsu suna da 'yan kumfa na iska da ta maƙale a cikinsu, kuma iskar ta yi daidai da wadda kumbon Viking ya auna a Mas a 1976. Wani ƙaton dutse ne ya daki Mas, ya watso gutsattsari sarari, wannan ya yi ta yawo shekaru miliyoyi kafin ya faɗo gonar bawan Allah. Daga baya babban kasonsa ya fita waje, yau gutsattsarinsa na ɗakunan bincike a ƙasashe da dama. A 1996 ma an saka ɗan ƙwarya-ƙwaryan ɓarɓashinsa cikin kumbon Mars Global Surveyor, ya koma zagayen inda ya fito.

Ga na kwanan nan: wanda aka tsinta a yankin Agadas na Nijar a 2023, kusan kilo 25, an yi gwanjonsa a Niyok a Yulin 2025 kan dala miliyan 5.3, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita. Kai ɗan kasuwa ne Alhaji, ka san ba a biyan wannan a kan tsakuwa.

Abba Kawo:
Ikon Allah! Baba wallahi ban taɓa jin wannan ba. Amma ai ka ƙarfafa maganar Alhaji ne. Tunda Allah na jefo mana su kyauta, me ya sa za a kashe biliyoyi a je ɗaukowa?

Baba Mai Ritaya, Malali:
Ɗana, tambayarka ita ce tambayar. Mu da muka yi aikin duwatsu, abu na farko da ake koya mana shi ne, dutsen da ba ka san inda aka ciro shi ba rabin shaida ne. In ka ɗauko samfuri a daji sai ka rubuta wurin, da abin da ke samansa, da abin da ke ƙasansa, da yadda ya kwanta. Na Zagami ba wanda ya ga inda ya fito a Mas. Bugun da ya fitar da shi ya gasa shi, ya daɗe a sarari, ya ƙone wajen shigowa, ya faɗa ƙasar gona mai cike da ƙwayoyin halittarmu. Sannan dutsen aman wuta ne, shekarunsa wajen miliyan 180, yaro ne in aka kwatanta da shekarun Mas.

Abin da ake nema dabam ne. Jezero tsohon tafki ne, kogi ya taɓa zuba a cikinsa fiye da shekaru biliyan 3 da suka wuce, ya bar laka. Laka ita ke riƙe sawun rai in an taɓa yi. Dutsen laka kuwa marmashewa yake, da wuya ya jure bugun da zai jefo shi nan. In ana so, sai an je.

Malamar Fiziks, Unguwar Rimi:
Kuma Baba akwai dutsen da motar ta samu a Yulin 2024, wanda suka sa wa suna Cheyava Falls, mai ɗigo-ɗigo. A Satumbar 2025 aka wallafa cewa ma'adinan da ke cikin ɗigon irin waɗanda ƙananan halittu kan bari ne a nan duniya, amma kuma suna iya samuwa ba tare da rai ba. Kayan aikin motar ba za su iya raba gardamar ba. An haƙo shi, yana cikin bututu a can.

Ɗan Panteka:
To a kai injin auna can mana. Ai ya fi sauƙi a kai ma'auni wurin kaya, tunda kaiwa an iya, dawowar ce ta gagara.

Injiniya Barnawa:
Akwai masana da ke da irin ra'ayinka, Maigida, kuma ba wasa suke ba. Suna cewa da biliyan 11 za a aika motoci da yawa wurare daban-daban. Amsar ɗaya ɓangaren ita ce, wasu na'urorin awo girmansu ya kai gini guda, suna cin wutar gari, ba sa shiga kumbo. Sannan in sakamako ya fito mai girgiza duniya, dole wani ɗakin binciken a wata ƙasa ya maimaita da nasa hannun kafin a yarda.

Akwai kuma maganar lokaci. 'Yan sama jannatin Amurka na shirin Apollo sun kawo kilo 382 daga wata tsakanin 1969 da 1972. An ajiye wani bututun a liƙe ba a buɗe ba sai 2022, don a jira na'urorin da ba a ƙirƙira ba tukuna. Motar da ka aika kuwa da fasahar ranar da aka ƙera ta za ta mutu. Dubi kumbon OSIRIS-REx da ya kawo giram 121.6 daga Bennu, wani dutse mai yawo a sarari, a Satumbar 2023. A cikin wannan ɗan garin aka gano 14 daga cikin sinadarai 20 da jikin mai rai ke gina furotin da su.

Wani abu da zai ba ka sha'awa a matsayinka na mai ƙira: da kwandon na Bennu ya iso, ƙusoshi biyu daga cikin 35 na murfinsa suka ƙi kwancewa. Ba a yarda a saka kowane irin maɓalli cikin akwatin da ake aikin ba, don kada a gurɓata samfurin. Sai da aka ƙera sababbin kayan kwancewa, aka gwada, sannan murfin ya buɗe a Janairun 2024. A nan duniya ke nan, da mutane tsaye a kai.

Ɗan Panteka:
Wannan na gane shi sarai. Ƙusa ɗaya takan riƙe mana aikin yini. A can kuma ba mai zuwa da guduma.

Maman Ilham, Tudun Wada:
Ina ta karantawa ban ce komai ba, amma akwai abin da ba wanda ya taɓo. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na ga abin da korona ta yi mana. Kuna cewa ana neman sawun rai a duwatsun nan. To in akwai mai ran fa, ba sawunsa ba? A kawo mana abin da jikin ɗan Adam bai taɓa haɗuwa da shi ba? Kuma kada a ce mini kwandon ba ya fashewa.

Injiniya Barnawa:
Hajiya, ba wanda zai ce miki haka, don ya taɓa faruwa. A 2004 kumbon Genesis ya dawo, laimarsa ta ƙi buɗewa saboda an ɗaura na'urar da ke jin saurinsa a juye, ya daki ƙasa a hamadar Yuta ya tsage. Shi ya sa a tsarin na Mas aka ce ba za a dogara da laima ba sam. Za a gina kwandon ne yadda zai faɗo da ƙarfinsa ya daki ƙasa bai buɗe ba. Kuma tun a sararin Mas za a saka shi cikin wani mazubin a liƙe, yadda duk abin da ya taɓa ƙurar Mas ba zai taɓa iskarmu ba. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ma, sashe na 9, ta wajabta wa ƙasashe kauce wa cutar da muhallin duniya da abin da suka kawo daga waje.

Maman Ilham, Tudun Wada:
Yarjejeniya takarda ce, Injiniya. Wa zai duba? Ƙasar da ta kashe kuɗinta ita za ta ce ta bi ƙa'ida, ita za ta ba kanta maki. Mu da ba a tambaye mu ba, iska ɗaya muke shaƙa da su.

Baba Mai Ritaya, Malali:
'Yata, abin da zai ɗan kwantar miki da hankali shi ne duwatsun Mas sun daɗe suna faɗowa duniya ba tare da wani mazubi ba, an tattara ɗaruruwa. Doron Mas kuma busasshe ne, hasken rana mai ƙuna na dukansa kai tsaye. Amma ina tare da ke a kan cewa bai kamata ƙasa ɗaya ta zama ita ce mai kaya ita ce alƙali ba. Ɗakin da za a buɗe samfurin ya kamata masana na ƙasashe da yawa su sa ido a kansa tun daga gini.

Abba Kawo:
Ni fa ina ganin Elon Musk zai riga su duka. Ya ce babban kumbonsa Starship zai haɗa man dawowarsa a can daga iskar Mas da ƙanƙara. In an yi haka maganar jarkokin Injiniya ta ƙare.

Injiniya Barnawa:
Dabarar daidai ce a ilmance. Iskar Mas kashi 95 cikin 100 iskar kabon ce, ana iya ciro iskar shaƙa daga cikinta, in an samu ruwa a haɗa gas ɗin mitan. An ma gwada rabin farko: wata 'yar na'ura a cikin Perseverance mai suna MOXIE ta yi aiki sau 16, ta samar da iskar shaƙa giram 122 jimilla. Babban kumbo kuwa tan-tan yake buƙata. Wutar da za ta yi wannan aikin fa? Ƙura ce ta kashe motar Opportunity a 2018, ita ta rufe faifan sola na kumbon InSight har ya yi shiru a 2022. Mu da muke goge sola kullum da hunturu mun san abin. Wata rana za a kai nan, amma ba da shi za a fara ba.

Alhaji Kasuwar Barci:
To a taƙaice, zai yiwu ko ba zai yiwu ba? Kun yi ta zagaye.

Injiniya Barnawa:
Zai yiwu, Alhaji, a Mas. Ba na faɗin haka a kan Zahra, inda zafi ya kai digiri 460 da wani abu, iska ta ninka tamu nauyi sau 90, kumbon da ya fi daɗewa a doronta, Venera 13 a 1982, minti 127 ya yi. Amma a Mas ba wani mataki da ya saɓa wa ilimin da ake da shi. Matsalar ita ce matakai ne da yawa a jere, da yawansu ba a taɓa yi ba, kuma ɗaya ya faɗi duka sun faɗi. Rasha ta gwada zuwa Fobos, ɗaya daga cikin 'yan watanni biyu da ke zagaya Mas, a 2011, kumbon bai ma bar zagayen duniya ba, ya faɗo a Janairun 2012.

Ni a ganina Sin za ta riga kowa. Shirinta na Tianwen-3 shi ne ta harba roka biyu wajen 2028, samfuri ya iso wajen 2031, aƙalla giram 500. Ta sauƙaƙa wa kanta: ba neman bututun da wani ya ajiye, inda ta sauka nan za ta haƙa ta tashi. Ta riga ta sauke motar Zhurong a Mas a 2021, ta yi atisayen dawowa sau biyu a wata.

Baba Mai Ritaya, Malali:
A nan zan saɓa maka kaɗan, Injiniya. Riga kowa ba shi ne samun amsa ba. Wanda ya sauka a wuri mai sauƙin sauka ya kwashi abin da ke gabansa, abin da ya samu ke nan. Na Jezero an yi shekaru ana zaɓensu ɗaya bayan ɗaya, kowanne da hotonsa da tarihin wurinsa. In aka bar su can, babbar asara ce ga kowa, har da mu.

Malamar Fiziks, Unguwar Rimi:
Har da mu kuwa, Baba. Hukumarmu ta sararin samaniya, NASRDA, tun 1999 take, an harba tauraron ɗan Adam NigeriaSat-1 a 2003, injiniyoyinmu suka gina NigeriaSat-X da aka harba a 2011. Ba na cewa mu je Mas. Amma samfurin da aka dawo da shi a kan raba wa masu bincike da suka nema da hujja mai ƙarfi. Yaran da ke ajina yau, in sun bi ta ABU ko KASU ko AFIT suka yi nisa, su ne za su kai shekarun nema lokacin da kayan za su iso. Injiniya, ka turo mini lissafin kashi uku cikin huɗun nan dalla-dalla, ranar Litinin za mu yi shi a allo.

Ɗan Panteka:
Saura tambaya ɗaya. Rokar nan a kwance za a sauke ta, ko ba haka ba? Yaya za ta miƙe ta tashi, wutarta ba ta ƙona abin da ke ɗauke da ita ba, ko ƙafarsa ta nutse cikin rairayi ya karkace?

Injiniya Barnawa:
Malama zan turo miki da daddare in sha Allah.

Maigida, abin da NASA ta tsara shi ne ba za a miƙar da ita ba. Wani injin zai cilla ta sama 'yan mitoci, gabanta ya fi bayanta ɗagawa, sai ta kunna wuta tana cikin iska kafin ta faɗo. Sun gwada cillawar a Kalifoniya da rokar gwaji mai irin nauyin. In wutar ta yi jinkirin kamawa, a kan na'urar da ta cilla ta za ta dawo. In kuma aka rasa lokacin harbi daga nan, sai a jira wata 26 kafin duniyoyin biyu su sake daidaita.